Idan Kotu Ta Tabbatar Maka Da Bashi, Aka Tambaye Ka Abin Da Ka Mallaka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, ƴan uwa na Maradi da kewaye.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu mai hankalin da zai yi wa ɗan uwansa dariya don an kai shi kotu a kan bashi. Kasuwa tana juyawa, iyaka tana rufewa da kayan mutum a hanya, wake yana faɗuwa bayan an saye shi da tsada. Wannan nasiha a kan wata rana guda ce da ke zuwa bayan shari'a ta ƙare: alƙali ya yanke cewa kuɗin suna kanka, sannan mai bin ka bashi ko wisiyen da ya ɗauka, wato ma'aikacin da ke zartar da hukuncin kotu, ya tsaya gabanka da takarda da biro yana tambaya, me kake da shi, ina yake, na wane ne. Mutane da yawa da ba su taɓa cin haƙƙin kowa da gangan ba, a wannan ranar suke zamewa, kuma da baki suke zamewa.

Uwar muminai A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yawan neman tsari daga zunubi da bashi a cikin salla. Da aka tambaye shi dalili sai ya ce mutum idan bashi ya hau kansa, in ya yi magana sai ya yi ƙarya, in ya yi alkawari sai ya saɓa. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Ka lura, ɗan uwa, bai ce bashin ne zunubi ba. Abin da bashin ke jawowa a harshe shi ne abin tsoro. Don haka amsar da za ka bayar ranar tambaya ita ce kashin farko na biya, tun kafin dala ɗaya ta fita daga aljihunka.

Mu fara da sanin yadda abin ke tafiya, domin tsoro ne ke sa yawancin ƙaryar, kuma rashin sani ne ke kawo tsoron. Nijar tana cikin ƙasashe 17 da ke aiki da dokokin kasuwanci na OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a Afirka. Dokar karɓar bashi da tilasta biya an kafa ta a 1998, aka sabunta ta a 2023, sabuwar ta fara aiki a watan Fabrairu na 2024. A ƙarƙashinta mai bashi ba ya zuwa da kansa ya kwashe maka kaya. Wisiye ne ke zuwa, da hukuncin kotu a hannu. Kafin a taɓa kayan shagonka ko na gidanka sai an kawo maka takardar umarnin biya, wadda ake ce wa komandama, ta ba ka kwana 8. Ba a fara aikin kama kaya kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan ƙarfe 6 na yamma, ba a yin sa ranar Lahadi ko ranar hutu, sai da izinin alƙali na musamman. Karɓi takardar, ka duba ranar da aka rubuta a kanta, domin daga ranar ake ƙirga komai. Ƙin karɓa ba ya tsayar da kwanakin. In ba ka karanta Faransanci, ka nemi mai karantawa a ranar, kada ka cusa ta ƙarƙashin katifa sai mako ya zagayo.

Kwana takwas ɗin nan ba na guje-guje ba ne. Na zama ne da kaye, wato littafin rubutu, da alƙalami.

Ka rubuta abin da ke hannunka kamar yadda za ka lissafa shi ranar fitar da zakka, ba kamar yadda kake faɗa wa mai neman taimako ba. Kuɗin da ke aljihu da na cikin akwatin shago. Abin da ke banki, kowane banki, har asusun naira da ka buɗe a Katsina ko Jibiya don sayen kaya. Kuɗin da ke cikin waya. Buhunan wake, aya, riɗi ko gyaɗa da ke mangaza, da adadinsu da farashinsu na wannan makon, ba farashin da ka saya ba. Babur ko mota, da sunan da ke kan kart giriz, wato takardar rajistar abin hawa. Fili, gona, gida, da wanda takardarsa ke hannunka da wanda ka gada ba a raba ba tukuna, sai ka rubuta rabonka kawai. Dabbobi: awakin da ke gida, da shanun da ka ba makiyayi kiwo can wajen Dakoro waɗanda babu wanda ya san da su sai kai da shi da Allah. Zubin adashen da ka yi ba ka kwasa ba. Sai bashin da kake bin mutane, shi ma dukiya ne, ka rubuta sunan kowa da adadi, ka raba wanda kake sa ran samu da wanda ya mutu.

A wani shafin ka rubuta abin da ke kanka: sauran masu binka, gonar da ka jinginar, kayan da wani mai bashin ya riga ya sa aka kama. Wannan na ƙarshe doka ce ta wajabta: kafin wisiye ya fara rubuta kaya zai sake neman ka biya, ya kuma gaya maka cewa dole ka bayyana duk abin da aka riga aka kama a baya. A shafi na uku ka rubuta abin da ke shigowa a wata da abin da ke fita na dole: hatsi, cefane, hayar gida, ruwa da wuta, magani, kuɗin makarantar yara, da adadin bakunan da kake ciyarwa. In sana'arka ta lokaci ce, ka nuna watannin kaka da watannin da kasuwa ke mutuwa, kada ka ɗauki wata mafi muni ka ce haka shekara take.

Ranar amsa, ka riƙe abu uku. Abin da ka sani ka faɗe shi da adadi: buhu 14, ba "ƴan buhuna" ba. Abin da ba ka tabbatar ba ka ce kiyasi ne, za ka duba ka kawo. Abin da aka rubuta a madadinka kada ka sa masa hannu sai an karanta maka, in an rubuta ba daidai ba ka ce a gyara ko a rubuta cewa ba ka yarda da wannan layin ba, kuma ka karɓi kwafinka.

Yanzu ga inda Shaiɗan ya fi zama, kuma zan daɗe a nan.

Dabara ta farko da ke zuwa wa mutum ita ce sauya suna. Da daddare a tura babur gidan ƙane, a kwashe rabin kayan shago zuwa mangazar aboki a wata unguwa, a rubuta takardar sayar da fili da kwanan wata na bara. Da safe a ce wa wisiye, "Wallahi babu, ka gani da idonka." Mai yin haka yana ganin ya yi wayo, har wasu su yaba masa. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce jinkirin mai hali zalunci ne. A wani hadisin na Abu Dawuda da Nasa'i ya ce taurin bashin wanda yake da abin biya yana halatta a faɗi aibinsa kuma a hukunta shi. To wanda ya ɓoye abin biyan ya kuma rantse fa? Muslim ya ruwaito daga Abu Umama cewa wanda ya yanke haƙƙin Musulmi da rantsuwarsa, Allah ya wajabta masa wuta ya haramta masa Aljanna. Wani ya ce ko da abu kaɗan ne, ya Manzon Allah? Ya ce ko da sandar asuwaki ce. Sandar asuwaki, ɗan uwa. Ina ga babur, ina ga buhu ashirin na wake.

Kuma dubi mutane nawa kake ja cikin ramin. Ƙanenka zai ce babur nasa ne. Abokinka zai ce kayan nasa ne. Wanda ya sa hannu a takardar filin ya zama mai shaidar zur, wadda Annabi ya lissafa cikin manyan zunubai, yana kishingiɗe ya tashi zaune yana ta maimaita ta. Allah ya ce a aya ta 283 ta Suratul Baƙara kada ku ɓoye shaida, wanda ya ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce. Bashin mutum ɗaya ya koma zunubin mutum huɗu.

Ko ta fuskar duniya dabarar ba ta da tsawon rai. Maradi gari ne da kowa ya san kayan kowa: mai amalanken da ya kwashe buhunan da dare yana nan, maƙwabcin shago ya gani. Mai bashi yana da ikon komawa kotu ya nemi a rushe cinikin da aka yi don a guje masa. Asusun banki kuwa ba kai za a tambaya ba. Wisiye zai kai takarda bankin, doka ta tilasta wa bankin ya faɗi abin da ke ciki, in ya yi ƙarya ko ya yi jinkiri shi za a iya ɗora wa biyan bashin, saboda haka babu bankin da zai rufa maka asiri. Kai sai dai a sanar da kai cikin kwana 8 bayan an riƙe kuɗin, kana da wata guda ka kai ƙorafi in kana da hujja. Haka mai albashi: wurin aikinsa ne zai faɗi abin da yake karɓa. Ranar da alƙali ya gano ƙarya ɗaya, duk gaskiyar da ka faɗa a sauran layukan ta zube, kuma sassaucin da za ka nema daga baya ka riga ka rufe ƙofarsa da hannunka.

Akwai kuskure na biyu, kishiyar wannan, da ke samun masu kunya. Wisiye ya shiga gida ya fara rubuta gado da kwanuka da keken ɗinki, maigida ya yi shiru don kada a ce yana gardama. Wannan ma cin amana ne. Kayan ɗakin mace nata ne, sadakinta nata ne, akuyar da ta saya da kuɗin sana'arta tata ce, bashin mijinta bai hau kansu ba matuƙar ba ta tsaya masa ba. Haka kayan da wani ya ajiye a shagonka ka sayar masa, da kuɗin marayu da ke hannunka. Ka faɗa a take cewa wannan na wance ne, wannan na wane ne, ka sa a rubuta. Mai kayan yana da ikon zuwa kotu ya nemi a cire kayansa, amma ya yi kafin a sayar, da rasit ko shaidun da suka san lokacin da aka kawo kayan. Ma'aunin ɗaya ne a ɓangarorin biyu: abin da yake naka kada ka ce na matarka ne, abin da yake nata kada ka bari a ɗauka a matsayin naka.

Idan an yi sezi, wato an rubuta kayan an kama su, sau da yawa ba a ɗauke su a ranar. Ana barin su a hannunka a matsayin mai tsaro. Daga wannan lokacin sun zama amana: ba ka sayarwa, ba ka kyautarwa, ba ka gusar da su. A nan ne mutane ke mayar da bashi laifi, domin taɓa kayan da aka kama yana kai mutum gaban kotun hukunta laifuka, alhali da farko maganar kuɗi ce kawai. Doka ta ba ka wata guda ka nemi mai saye da kanka. Yi amfani da shi. In ka sami tayi ka sanar da wisiye a rubuce, masu bashi suna da kwana 15 su amince ko su ƙi, kuma kayan ba sa fita sai an ajiye kuɗin. Firijin da za ka iya sayar wa maƙwabci da daraja, in ya kai gwanjo sai abin da aka taya, ga kuɗin ɗauka da na sanarwa, kuma kuɗin tilasta biya a kan wanda ake bi suke komawa. Kowane mako na ɓuya ƙari ne a kan abin da za ka biya. Sabuwar dokar ma ta tanadi hanyar kama dabbobi ta musamman, don haka garke ba mafaka ba ne.

To wanda da gaske babu fa? Shi ne wanda gaskiya ta fi yi wa amfani, kuma shi ne ya fi jin tsoronta. Allah ya ce a aya ta 280 ta Baƙara, in wanda ake bi yana cikin ƙunci to a jira shi zuwa lokacin sauƙi, ku yafe kuwa ya fi muku alheri. A zamanin Annabi wani mutum ya sayi ƴaƴan itace suka lalace, bashi ya yi masa yawa, aka tara masa sadaka ba ta kai ba, sai Annabi ya ce wa masu binsa ku ɗauki abin da kuka samu, ba ku da wani abu sai wannan. Muslim ne ya ruwaito. Malaman mazhabar Malikiyya sun ce ba a tsare wanda ya tabbata ba shi da komai, ana kuma bar masa abincinsa da na iyalinsa da tufafinsa. Amma rashin sai an tabbatar da shi: shaidu su ce ba su san shi da wata dukiya ta fili ko ta ɓoye ba, shi kuma ya rantse a kan haka, ya ƙara da cewa in ya samu zai biya. Ka ga ke nan sauƙin da Allah ya ba mai ƙunci a kan bayani yake tsaye. Wanda ya ɓoye saniya biyu ya fita daga cikin ayar, ko da ya sha kuka gaban alƙali.

Dokar ƙasa ma tana da irin wannan ƙofa. Alƙali yana iya ɗage biya ko ya rarraba shi har tsawon shekara guda, bayan ya duba halin wanda ake bi da buƙatar mai bi. Ba a yin haka a bashin ciyarwa, kamar kuɗin abincin yara, da bashin takardun kasuwanci irin su cek. Ba a ba ka wannan sai ka nema, kuma kayen nan da ka cika shi ne hujjarka. A ce ana binka jika 900, wato sefa dubu 900. Ka nuna kana samun kamar jika 150 a wata, na dole yana cin 100, kana da babur da zai yi jika 300. Sai ka ce zan sayar da babur in ba da 300 yanzu, sauran 600 in biya jika 50 duk wata har wata 12. Wannan magana ce da alƙali zai iya aunawa, mai bashi ma zai iya. Kada ka yi alkawarin jika 100 don a sake ka yau, wata na biyu ka kasa. Wannan shi ne rabin hadisin A'isha na biyu, alkawarin da ake saɓawa. Mai albashi kuma ya sani ba a yanke albashi sai an fara zaman sulhu a gaban kotu, kuma akwai kason da doka ta hana a taɓa. Ka je zaman, da takardar albashinka.

Kada kunya ta hana ka faɗa wa dangi. Wanda ake bi bashi ya kasa biya yana cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ba zakka. Alhazan da ke fitar da zakka ba za su san halinka ba in kana fita da babbar riga kana cewa lafiya lau.

Kai kuma Alhaji mai bin bashi, hukuncin da ke hannunka bai halatta maka komai da komai ba. Ka tambayi abin da ya shafi kuɗinka, ka bar abin da bai shafe su ba. Abin da ka ji na sirrin gidansa amana ne, ba na zaman majalisa ba ne, ba na saka hotonsa a WhatsApp ba ne. In ya buɗe maka gaskiya ka ga babu, ka ji tsoron Allah ka jira. Ka'abu ɗan Malik ya bi Ibn Abi Hadrad bashi a masallaci har muryoyinsu suka tashi, Annabi ya ɗaga labule ya yi wa Ka'abu nuni ya sauke rabi, ya ce na yi, sai ya ce wa ɗayan tashi ka biya. In hukuncin ya haɗa da kuɗin ruwa na jinkiri, ka tuna aya ta 279 ta Baƙara ta ba ka uwar kuɗinka ne, ba ka zalunta ba a zalunce ka. Idan kuma ka san a ranka an yanke maka fiye da haƙƙinka don ka fi shi iya magana, Annabi ya ce wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan uwansa yankin wuta aka yanka masa.

Mai biya ya yawaita addu'ar da Sayyidina Ali ya koya wa wani bawa da ya kasa biyan kuɗin fansar kansa, wadda Tirmizi ya ruwaito: Allahummakfini bi halalika an haramika, wa agnini bi fadlika amman siwaka.

Duk abin da ka biya, ko jika 5 ne, ka karɓi rasit mai kwanan wata da sa hannu, ka tambayi wisiye ya rubuta maka nawa ya tafi uwar bashi, nawa ya tafi kuɗin aiki, nawa ya rage. In halinka ya sauya, gado ya faɗo maka ko wanda kake bi ya biya ka, kai za ka fara kai labari, kada ka jira a ji a gari. In kun yi sulhu a zaure gaban liman ko mai unguwa, a rubuta shi, shaidu biyu su sa hannu, a kai wa wisiye kwafi, in ba haka ba shi aikinsa zai ci gaba. Ranar da ka gama biya ka nemi takardar sakin kayanka da ta asusunka, domin banki ba ya sakin kuɗi da maganar baki. Kayen nan kuma ka nuna wa babban ɗanka ko matarka inda yake, da ragowar da ke kanka a rubuce a shafin ƙarshe, saboda in ajali ya riga biya, bashin ake fara cirewa kafin a raba gado, kuma magada ba za su biya abin da ba su san da shi ba.